Kafin Ka Ce a Ƙara Kuɗin Sabar, Ka Hana Ta Maimaita Aiki

Ƙannena masu haɗa shafukan intanet, akwai wani kuka da nake yawan ji daga bakinku, kuma kusan kullum salonsa ɗaya ne. Ka gina wa wata makaranta ko wani kanti shafi, ka gwada shi a kwamfutarka yana buɗewa cikin ƙiftawar ido, ka miƙa wa mai shi, ka karɓi haƙƙinka. Bayan 'yan makonni sai ga kira: shafin yana jan ƙafa, ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ma ya ƙi buɗewa sam. Amsar da ke fara zuwa bakin yawancinku ita ce, "Ranka ya daɗe, hostin ɗin ne ya yi mana kaɗan, sai an ƙara kuɗi an koma babba." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ba ƙarfi sabar ta rasa ba. Aiki ɗaya ake sa ta yi sau dubu, alhali da ta yi shi sau ɗaya ta ajiye da ya wadatar. Ga shi kuma kamfanonin hostin na waje da dala ake biyansu, mai makarantar kuwa naira ko sefa yake karɓa daga hannun iyayen yara. Duk ƙarin da ka sa shi ya yi babu dalili, ka ɗora masa nauyin da rashin bincikenka ya jawo.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin sabar, domin wanda bai san inda lokaci ke tafiya ba, ba zai iya tare shi ba. Shafi iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta aka ajiye, duk wanda ya nema a miƙa masa yadda yake. Akwai kuma wanda ba ya nan sai an nema, a lokacin ne ake ƙera shi. WordPress, Moodle, Joomla da duk abin da kuka gina da Laravel suna cikin kashi na biyu, kuma dukkansu da harshen PHP aka rubuta su. Idan wani ya danna adireshin shafinka daga wayarsa, sabar za ta ɗauko fayilolin PHP daga faifai, ta karance su, ta tantance nahawunsu, ta juya su zuwa wasu gajerun umarni da injin PHP ke ganewa, waɗanda ake kira opkod. Daga nan ne za ta aiwatar da umarnin, ta tambayi rumbun bayanai irin su MySQL abin da ake buƙata, ta harhaɗa shafin, ta aika. Da ta gama sai ta zubar da komai. Idan mutum na biyu ya zo bayan daƙiƙa ɗaya, a koma farko. Shafin WordPress da aka loda wa fulogin yakan buɗe ɗaruruwan fayiloli a kan buƙata ɗaya tak, kuma fayilolin nan ba su canza ko harafi ɗaya ba tun jiya.

Ku dubi mai ƙosai ta bakin layinku. Ba ta jira sai mai saye ya tsaya sannan ta jiƙa wake, ta surfa, ta kai niƙa. Tun da asuba ta gama wannan, ƙullin yana cikin roba, abin da ya rage wa kowane mai saye suya ce kawai. Ajiye opkod a ƙwaƙwalwar sabar shi ne wannan ƙullin: karantawa da juyawa an yi su sau ɗaya, aiwatarwa kaɗai ake maimaitawa. Idan kuma ta ga layi ya yi tsawo, sai ta soya da yawa ta tara a tire, mai saye ya zo a ƙirga masa ya wuce. Wannan shi ne ajiye shafi sukutum, ya fi komai sauri, amma shi ne kuma wanda ke iya hucewa a hannunka. Ku riƙe bambancin nan, don yawancin ɓarnar da ake yi daga cakuɗa su take fitowa.

Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP a 1995 a matsayin 'yan kayan aikin kula da shafinsa. Zeev Suraski da Andi Gutmans ne suka sake gina cikinsa, kuma a PHP 4 na shekarar 2000 injinsu mai suna Zend ya raba aikin gida biyu, juyawa daban, aiwatarwa daban. Wannan rabuwar ce ta buɗe ƙofar ajiye opkod. Sai aka yi ta fito da kayan yin hakan: APC, Turck MMCache wanda daga baya ya haifi eAccelerator, da XCache. A 2013 kamfanin Zend ya saki nasa kyauta, aka shigar da shi cikin PHP 5.5 a watan Yuni na wannan shekarar da sunan OPcache, kuma tun daga nan sauran suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da ya sa na kawo wannan tarihin shi ne, intanet ba ta share tsofaffin darussa. Idan ka ci karo da bayanin da ke cewa ka girka eAccelerator ko XCache ko APC, rufe shi, ya tsufa da fiye da shekara goma. APCu da za ka iya gani a yau wani abu ne daban, bayanai yake ajiyewa, ba opkod ba.

To, OPcache yana zuwa tare da PHP, amma zuwansa ba ya nufin yana aiki a hostin ɗinka. Gani ya kori ji. Ka ƙirƙiri ƙaramin fayil mai kiran phpinfo, ka buɗe shi a burauza, ka nemi sashen Zend OPcache ka ga ko a kunne yake. Ka kuma dubi layin da ke nuna yadda ake gudanar da PHP ɗin, domin a nan ne wasu kamfanonin hostin masu araha ke ɓoye rauninsu. OPcache yana ajiye kayansa ne a ƙwaƙwalwar da ma'aikatan PHP ke tarayya a kai. Idan kamfanin yana amfani da tsohuwar hanyar CGI ko suPHP, inda ake tayar da sabon ma'aikaci a kan kowace buƙata a kashe shi da zarar ya gama, to abin da aka ajiye yana mutuwa tare da shi. Za ka iya ganin sunan OPcache a rubuce, amma babu amfanin da yake yi maka. Abin da kake so ka gani shi ne PHP-FPM, wanda ya shiga PHP tun 5.3.3 a 2010, ko kuma na LiteSpeed, inda ma'aikatan ke daɗewa a raye. Da ka gama dubawa ka goge fayil ɗin nan. Barinsa a buɗe tallar sirrin sabarka ne ga duk ɓarawon da ya leƙo.

Saboda haka kafin ka biya kowane kamfani, ka aika musu tambaya a rubuce: wane PHP kuke da shi, da wace hanya kuke gudanar da shi, OPcache a kunne yake, nawa ne ƙwaƙwalwar da aka ware wa asusuna? Kamfanin da ya kasa amsa wannan a sarari, ko ya mayar maka da tallar "sarari mara iyaka", ya riga ya ba ka amsa. A ra'ayina girman faifai shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya burge ka. Shafin makaranta ba ya cin faifai, ƙwaƙwalwa da lokacin inji yake ci.

Idan sabar taka ce ta kanka, irin VPS, to saitin yana hannunka, kuma akwai wurare kaɗan da suka cancanci ka zauna a kansu. A PHP na yanzu ana ware wa OPcache megabayit 128 tun daga farko, adadin fayiloli kuma an rubuta 10,000, ko da yake injin yana ɗaga shi zuwa 16,229 saboda yadda yake lissafin teburinsa. Ga shafi ɗaya wannan ya isa har da saura. Matsala tana zuwa ne lokacin da ka tara shafukan kwastomomi goma sha biyar a sabar ɗaya, kowanne da nasa WordPress da nasa fulogin. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, idan OPcache ya cika, ba ya fitar da tsohon fayil don ya ba sabo wuri. Sai dai ya daina karɓa, ko kuma idan ɓarnataccen wuri ya wuce iyakar da aka sa masa, ya zubar da komai ya fara daga farko. Shi ya sa za ka ga shafi yana sauri da safe, da rana ya koma tafiyar hawainiya ba tare da ka taɓa komai ba. Akwai umarnin opcache_get_status da zai gaya maka ko ya cika, sau nawa ya sake farawa, da kashi nawa na buƙatu ake samu a ajiye. A sabar da ke zaune lafiya wannan kason ya kamata ya kusanci ɗari bisa ɗari. Idan ya yi ƙasa sosai, ka ƙara masa ƙwaƙwalwa zuwa 256 ka sake dubawa.

Akwai wani saitin da masu son nuna gwaninta ke yawan taɓawa, wato opcache.validate_timestamps. Yadda ya zo, OPcache yana leƙa fayil bayan kowace daƙiƙa 2 ya ga ko an canza shi. Idan ka kashe wannan, ka rage wa faifai aiki kaɗan, amma daga ranar duk gyaran da ka yi wa kod ba zai bayyana ba sai ka sake tayar da PHP-FPM. Manyan kamfanoni suna yin haka domin suna da tsarin da ke sake tayarwar da kansa duk lokacin da aka tura sabon aiki. Kai da kake gyara fayil da hannu ƙarfe sha ɗayan dare, kwastoma yana kira, bar shi yadda yake. Ribar ba ta kai wahalar ba. Kuma ka sani, idan ka buga opcache_reset daga layin umarni ba ka share komai a shafin ba, domin PHP na layin umarni ba ya tarayya da na FPM a ma'ajiya ɗaya. Mutane da yawa sun kwana suna zagin kwamfuta a kan wannan.

Wani abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne sabunta PHP ɗin kansa. PHP 7 da ya fito a Disambar 2015 ya kusa ninka saurin WordPress idan aka kwatanta da 5.6, ya kuma rage cin ƙwaƙwalwa. An daina toshe ɓarakar tsaro a 5.6 tun ƙarshen 2018, a 7.4 kuma tun Nuwambar 2022, amma har yau akwai shafukan da ke zaune a kansu saboda mai ginin yana tsoron wata tsohuwar fulogin za ta fashe. Ka kwafi shafin zuwa wani wurin gwaji, ka ɗaga PHP a can, ka ga abin da zai karye, ka gyara. Batun JIT da ya zo da PHP 8.0 a Nuwambar 2020 kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Yana taimaka wa aikin lissafi mai nauyi, amma shafin makaranta ko kanti ba lissafi ke cinye masa lokaci ba, jiran rumbun bayanai ne.

Nan ne OPcache ke tsayawa. Ya hana maimaita karatun kod, amma bai hana kod ɗin yi wa MySQL tambaya ɗari a shafi ɗaya ba. Don wannan aka yi ma'ajiyar bayanai ta cikin ƙwaƙwalwa. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 lokacin da LiveJournal ya fi ƙarfin rumbunsa, Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya kuma ya fito da Redis a 2009. Aikinsu a nan ɗaya ne: amsar da aka samo daga rumbu a riƙe ta, idan an sake yin tambayar a bayar ba tare da an koma can ba. WordPress yana da irin wannan ma'ajiyar a jikinsa, amma tana mutuwa da ƙarewar kowace buƙata sai an haɗa ta da Redis ko Memcached. A hostin na tarayya ba kullum ake samunsu ba, shi ya sa ya kamata su shiga cikin tambayoyinka.

Sai dai ina so ku tsaya ku yi tunani a kan ranar sakamakon jarrabawa, domin ita ce ke tona asirin wanda ya haddace sunayen kayan aiki bai fahimci aikinsu ba. A ranar, ɗalibi dubu biyu sun shigo cikin awa ɗaya, kuma kowanne abu daban yake nema: lambarsa, sakamakonsa. Ma'ajiya tana amfani ne idan ana maimaita tambaya ɗaya. A nan babu tambayar da ta yi kama da 'yar'uwarta, don haka Redis ba zai cece ka ba. Abin da ke kashe irin wannan shafin yawanci shi ne teburin sakamako da ba a yi wa fihirisa ba. Idan babu fihirisa a kan layin lambar ɗalibi, duk lokacin da yaro ɗaya ya nemi sakamakonsa sai MySQL ya bi teburin tun daga sama har ƙasa, ko da layi dubu ɗari biyu ne a ciki. Ka sa kalmar EXPLAIN a gaban tambayar, zai nuna maka layi nawa yake karantawa kafin ya samo amsa. Umarni ɗaya na ƙara fihirisa yana iya sauke wannan daga dubbai zuwa 'yan ƙalilan, ba tare da an biya kowa sisi ba. Wanda ya rufe mummunar tambaya da ma'ajiya bai gyara ta ba, ya ɗage ranar fashewarta ne zuwa lokacin da jama'a suka fi yawa.

Ajiye shafi sukutum shi ne ke ba da saurin da ke sa kwastoma ya yi murmushi, domin ba a ma tashin PHP, balle a je rumbu. Poul-Henning Kamp ɗan Denmak ya rubuta Varnish a 2006 don jaridar VG ta ƙasar Norway, kuma ba abin mamaki ba ne da jarida ce ta fara buƙatarsa: labari ɗaya ne, masu karatu dubbai, duk abu ɗaya suke gani. A yau Nginx yana da nasa, LiteSpeed yana da nasa, WordPress kuma yana da fulogin irin su WP Super Cache da W3 Total Cache. Ga shafin farko na makaranta, tarihinta, sanarwar hutu, jerin kayan kanti, wannan alheri ne tsantsa. Ka zaɓi guda ɗaya wanda ya dace da sabarka. LiteSpeed Cache, misali, ɓangarensa na ajiye shafi yana buƙatar sabar LiteSpeed. Ɗora fulogin biyu ko uku masu aiki ɗaya gyaran gangar Auzinawa ne, kowanne zai riƙa ajiye abin da ɗayan ya share.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne da kyau. A ranar 25 ga Disamba 2015, an kai wa dandalin sayar da wasannin kwamfuta na Steam harin cunkoso. Don a rage wa sabobin nauyi sai aka tura sababbin ƙa'idojin ajiye shafi, kuma ɗaya daga cikinsu ta yi kuskuren ajiye shafukan mutanen da suka shiga da asusunsu. Sakamakon haka mutum ya buɗe shafinsa ya ga na wani: adireshin imel, adireshin biyan kuɗi, tarihin sayayya. Kamfanin Valve mai dandalin ya ce abin ya shafi mutum wajen 34,000. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da ma'aikata. Kai ka ɗauka a ce shafin makarantar da ka gina ne, uba ya buɗe don ganin sakamakon ɗansa ya tarar da na 'yar maƙwabcinsa, da hotonta da bashin kuɗin makarantar da ake bin mahaifinta. A gari irin namu kafin la'asar labari ya zaga unguwa, kuma sunanka ne zai biyo bayan na makarantar. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka, bayanan yaran mutane amana ce aka damƙa maka.

Ƙa'idar ba ta da wuya: duk shafin da abin da ke cikinsa ya dogara da wanda ke kallo, ba a ajiye shi a ma'ajiyar kowa da kowa. Shafin sakamako, shafin asusu, kwandon sayayya, shafin biyan kuɗi. Fulogin masu kyau suna tsallake wanda ya shiga da asusun WordPress, kuma sun san shafukan WooCommerce. Amma ba su san shafin duba sakamakon da kai ka rubuta da hannunka ba, mai amfani da nasa kuki ko nasa zaman. Wannan kai ne za ka shigar da adireshinsa cikin jerin waɗanda aka keɓe, ka kuma sa kod ɗinka ya aika da umarnin hana ajiyewa a kan amsar.

Sai batun tsufan abin da aka ajiye. Mai kanti ya ƙara farashin buhun shinkafa da safe, shafi yana nuna na jiya har yamma, mai saye ya zo da hoton allo yana rantsuwa. An ɗage ranar komawa makaranta, iyaye suna ganin tsohuwar. Tun ranar da ka kunna ma'ajiya ka tambayi kanka me zai share ta idan abu ya canza, kuma ka gwada da idonka. Ka nuna wa sakataren da ke saka sanarwa maɓallin sharewa, ka rubuta masa a takarda. Amma ka gargaɗe shi kada ya danna shi a tsakiyar cunkoso, domin idan aka share komai lokaci ɗaya, duk masu shigowa za su afka wa PHP da rumbu tare.

Duk abin da na faɗa ba shi da amfani idan ba ka auna ba. Ka buɗe kayan masu gini na Chrome, ka shiga sashen da ke nuna zirga-zirgar fayiloli, ka dubi tsawon lokacin da aka jira kafin bayit na farko ya iso daga sabar. Wannan adadin ne ma'ajiyar sabar ke ragewa, kuma Google yana ba da shawarar kada ya wuce daƙiƙa 0.8. Ka auna a tagar sirri, ba ka shiga da asusun shugaba ba, in ba haka ba ma'ajiyar za ta tsallake ka, ka ɗauka ba ta aiki. Idan bayit na farko yana isowa da wuri amma shafin yana ɗaukar daƙiƙa goma sha biyu a waya, laifin ba na sabar ba ne, hoton shugaban makaranta ne mai megabayit 5 da ka ɗora yadda ya fito daga kyamara, yana cinye datar iyaye. Nisa ma yana da nasa kason da babu saitin da zai goge. Haske yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi, daga Legas zuwa Landan kuma kimanin kilomita 5,000 ne, wato zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba ko da a ce wayar a miƙe take, balle sabar da ke yammacin Amurka.

Ka canza abu ɗaya, ka auna, ka rubuta adadin a littafi, sannan ka taɓa na gaba. Idan bayan OPcache, da sabon PHP, da fihirisa, da ajiye shafukan jama'a har yanzu sabar tana nishi, to ka je wa mai makaranta da adadin a hannu ka ce a ƙara kuɗi, kuma zai ga dalili. Kafin ranar sakamako mai zuwa, ka karɓi asusun gwaji guda biyu, ka shiga da ɗaya a wayarka, ɗayan a wayar abokinka, ku buɗe shafin sakamako bi da bi sau da yawa. Idan ko sau ɗaya sunan wani ya fito a allon wani, ka kashe ma'ajiyar shafin nan take, kada ka bari sai gobe.